Yadda Ake Haɗa Ɗakin Sauti Mai Amsa Motsin Mutane da Siginar WiFi

Idan mutum ya gitta tsakanin rauta, wato na'urar da ke watsa WiFi, da wayar da ke jone da ita, ƙarfin sigina yana raguwa. Raguwar ba ta taka kara ta karya ba, mai kallon bidiyo ba zai ma lura ba, amma na'ura tana iya auna ta. Dalili shi ne fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye wani kaso na igiyar rediyo ta 2.4 GHz, wadda a kanta WiFi ya fi gudana. A kan wannan 'yar raguwa za mu gina aikin: ɗakin da za ka shiga ka zaga, sauti ya tashi, ya sauya, ya lafa gwargwadon inda ka tsaya da yadda ka motsa, alhali babu kyamara, babu maɓalli, babu abin da baƙo zai taɓa.

Tunanin ya daɗe. A 1920 Leon Theremin na Rasha ya ƙera abin kiɗan da ake bugawa da kaɗa hannu a iska kusa da eriya. Christina Kubisch ta Jamus ta shafe shekaru tana ba mutane wani abin sawa a kunne su zaga gari suna jin kukan na'urorin lantarki da kunne ba ya ji. A 2014 Frank Swain da Daniel Jones suka yi Phantom Terrains a Landan, inda siginonin WiFi na kan titi ke zama sauti a cikin na'urar taimaka wa ji. A gida Najeriya ma, Emeka Ogboh ya kwashi hayaniyar tashoshin motar Legas ya kai ta ɗakunan baje koli na Turai. Abin da ya sauya yanzu shi ne kayan sun yi arahar da ɗalibi zai iya haɗa su.

Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne ɗaki guda a Argungu mai ɗauke da sautin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi a cikinsa: ruwa, gora, filafili, kiɗan kwalekwale. Bikin kamun kifin ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, amma kwanaki kaɗan ake yi a watse. Baƙon da ya zo da damina hotuna kawai yake tararwa. In kana Gusau ko Zuru ko Yawuri, ka sauya sautin da na garinku, sauran aikin ɗaya ne.

Kafin ka kashe ko sisi

WiFi daban, intanet daban. Rauta tana watsa sigina ko babu sim a cikinta, ko babu data, kuma kusan sau 10 a kowane sakan tana sanar da sunanta. Wannan sanarwa ita za mu riƙa aunawa, don haka aikin ba ya cin data ko kaɗan.

Ana auna ƙarfin da dBm, kuma lambar kullum da alamar ragi take zuwa. -30 kana gab da rauta ke nan, -60 lafiya lau, -90 ta kusa yankewa. Ma'aunin yana da wayo: raguwar 3 tana nufin rabin ƙarfin ya tafi, raguwar 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Saboda haka kada ka raina sauka daga -50 zuwa -56.

Ka sauke manhajar auna sigina irin WiFi Analyzer, ka ɗora rauta a kan kujera, ka ɗora wayar a wata kujerar taku biyar daga nan, ka sa ƙanenka ya tsaya tsakani. Za ka ga lambar ta motsa, sai dai da jinkiri, domin tun daga Android 9 waya ba ta barin manhaja ta leƙa siginoni fiye da sau 4 cikin minti 2. A Android 10 zuwa sama ana cire wannan takunkumi a Developer options, inda aka rubuta Wi-Fi scan throttling. In ka ga lambar tana amsa jikin mutum da idonka, sai a je sayayya.

Kayan aiki

Rauta ɗaya, tsohuwa ma ta isa, muddin tana watsa 2.4 GHz. Sai ƙaramin allon lantarki mai suna ESP32 guda uku don auna siginar, wanda kamfanin Espressif na Shangai ya fitar a 2016. Bai wuce tsawon yatsa ba, yana da WiFi a jikinsa, kuma 2.4 GHz kaɗai ainihin samfurin yake ji. Ka sayi huɗu, ɗaya ya zauna a ajiye. Da wuya ka same shi a shagon caja na bakin titi. Akan yi oda ta intanet ko a sa a aiko daga Kano ko Legas, ko ka tambayi ɗaliban lantarki na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko na jami'ar Aliero inda suke samun nasu.

Kana bukatar kebul na USB mai ɗaukar data, domin da yawa daga na kasuwa caji kawai suke yi, kwamfuta ba za ta ga allon ba. Sai fawa bank ɗaya ga kowane allo, kwamfutar cinya ko da tsohuwa ce, amfilifaya da lasifika biyu masu waya. Manhajoji uku ne, duk kyauta: Arduino IDE don rubuta wa allon umarni, Audacity don gyaran sauti, da Pure Data, wadda Miller Puckette ya fara a shekarun 1990, don haɗa lamba da sauti. Kunshin ESP32 na cikin Arduino yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, ka sauke shi inda sabis yake da kyau.

Ɗaki da wurin ajiye na'ura

Nan ne aikin yake yin kyau ko ya lalace, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa.

Sigina ba hanya ɗaya take bi ba. Wani ɓangare yana tafiya kai tsaye, wani ya bugi rufi ya dawo, wani ya bugi ƙofar ƙarfe. In ɗakin rufin kwano ne babu silin, kwanon yana mayar da siginar da ƙarfi, sai ka ga mutum ya tare hanyar tsakiya amma lambar ba ta sauka sosai ba, don ta zagaya ta sama ta iso. Soron laka mai kaurin katanga da rufin azara ya fi dacewa: ba ya mayar da sigina kamar kwano, kuma yana rage siginonin maƙwabta da ke shigowa. Ga sanyi, ga rashin amsa-kuwwa mai yawa, abin da kunne ma yake so. In kana tunanin wuri irin Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihi a 1958, to maganar izini ce ta farko, kuma kada ka je da niyyar buga ƙusa ko ɗaya a bango. Ka tanadi ƙafafun katako masu tsayuwa da kansu.

Ka sa rauta a tsakiyar bango ɗaya, allunan uku a bangon da ke fuskantarta: ɗaya ta gabas, ɗaya tsakiya, ɗaya ta yamma. Tsayinsu daga ƙasa ya zama daidai ƙirjin babba, wajen mita 1.2. In yara ne za su fi shiga, ka sauko da su zuwa mita ɗaya ko ƙasa da haka. Tazara tsakanin rauta da kowane allo mita 3 zuwa 5. Akwai lissafi a bayan wannan. Tsawon zangon igiyar 2.4 GHz santimita 12.5 ne, kuma mafi yawan ƙarfin siginar yana bi ta wani fili mai kumburi a tsakiya, siriri a bakin na'urorin biyu. A tazarar mita 4, faɗin kumburin kusan santimita 70 ne, wato mutum ɗaya ya kusa cike shi. In ka kai tazarar mita 15, filin ya yi wa jiki ɗaya faɗi, tasirinsa ya ragu.

Tunda layukan sigina uku, daga rauta zuwa kowane allo, a bakin rauta suke haɗuwa, wanda ya matso kusa da ita zai tare su gaba ɗaya, duk sautukan su tashi tare. Ka ci moriyar wannan. Rataya homa, wato ragar kamun kifi, ko filafili a wurin don ya ja mutane, su isa su ji kogin ya cika.

Kada ka bar allon tsirara, yara za su cire shi, ƙura kuma ta cika shi. Busasshiyar ƙwarya ita ce murfin da na fi so. Sigina tana ratsa ta ba wahala, tana da araha, kuma ta dace da ɗakin. Ka nemi madaidaiciya, ka huda ƙananan ramuka biyar ko shida ta ƙasa don iska, da rami ɗaya na kebul. Ka ɗaure allon a jikin ɗan katako da zaren roba, ɓangaren eriyar, wato zanen nan mai lanƙwasa a ƙarshen allon, ya leƙo waje da katakon yana kallon rauta. Sai ka kifa ƙwaryar a kai ka ɗaure ta yadda ba za ta girgiza ba. Fawa bank ya zauna a ƙasa, nesa da eriyar. Kwanon sha, langa ko akwatin ƙarfe ba su da wuri a nan, rufe siginar za su yi. In an matsar da allo da faɗin tafin hannu kawai lambar tana iya sauyawa, don haka da ka samu wurin da ya yi, ka zana alama a ƙasa da alli ko fenti.

Fankar sama mai fikafikan ƙarfe tana sa lambar rawa. Ko a kashe ta, ko a bar ta a gudu ɗaya tun daga gwaji har rufewa.

A cikin saitin rautar, ka ba ta suna da lambar sirri, ka kafe ta a tasha guda, 1 ko 6 ko 11, wadda manhajar wayarka ta nuna ba cunkoso. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna. Faɗin tasha ka bar shi a 20 MHz. In tana da wurin rage ƙarfin watsawa, ka rage, domin a ƙaramin ɗaki ƙarfi mai yawa ba ya ƙara komai.

Umarnin allo

Ka jona allon da kwamfuta. In ba ta gan shi ba, ko kebul ne, ko direban CP2102 ko CH340 ne babu, ka duba sunan da ke kan ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB. A Arduino IDE ka zaɓi ESP32 Dev Module, ka zuba wannan:

```
#include <WiFi.h>
#include <WiFiUdp.h>
WiFiUDP udp;
float sumul, gindi, motsi = 0;
int baya;

void setup() {
  Serial.begin(115200);
  WiFi.begin("MatanFada", "kalmarsirri");
  WiFi.setSleep(false);
  while (WiFi.status() != WL_CONNECTED) delay(200);
  baya = WiFi.RSSI();
  sumul = gindi = baya;
}

void loop() {
  delay(100);
  int karfi = WiFi.RSSI();
  if (karfi == 0) return;
  sumul = 0.8 * sumul + 0.2 * karfi;
  gindi = 0.999 * gindi + 0.001 * sumul;
  motsi = 0.9 * motsi + 0.1 * abs(karfi - baya);
  baya = karfi;
  float tazara = fabs(gindi - sumul);
  Serial.println(tazara);
  udp.beginPacket("192.168.0.100", 9001);
  udp.printf("gabas %.2f %.2f;\n", tazara, motsi);
  udp.endPacket();
}
```

A allo na biyu da na uku ka mayar da "gabas" ta zama "tsakiya" da "yamma". A wurin "MatanFada" da "kalmarsirri" ka sa suna da lambar sirrin da ka ba rautarka. Lambar 192.168.0.100, wato adireshin kwamfutar da za a aika wa saƙo, misali ce. Ka jona kwamfutar da rautar, ka rubuta ipconfig a Command Prompt ka ga tata, ka sa ta a nan, sannan ka shiga saitin rauta ka keɓe mata wannan lamba don kada gobe ta sauya. Layin setSleep yana hana allon gyangyaɗi tsakanin sanarwa da sanarwa. Layin da ke duba sifili kuwa yana da amfani fiye da yadda yake nunawa: in sigina ta yanke allon sifili yake bayarwa, lissafin ya ɗauka gagarumin sauyi ne, lasifika ta ƙwalla ƙara a kunnen baƙi.

Layuka ukun tsakiya su ne zuciyar aikin. Ɗanyar lambar tana tsalle ko babu kowa a ɗaki, -52, -54, -51, -53. "Sumul" yana lallashe ta: kashi 80 na abin da ya gabata, kashi 20 na sabon karatu, sai ta bi motsin mutum cikin kamar rabin sakan. In ka ɗaga 0.2 zuwa 0.4, ka sauko da 0.8 zuwa 0.6, za ta fi sauri amma ta fi rawa. "Gindi" shi ne yadda ɗakin yake in babu kowa, kuma a hankali yake bin sauyin yanayi, yana ɗaukar minti biyu zuwa uku. Sakamakon haka, wanda ya tsaya cak na 'yan mintuna, ɗakin zai manta da shi, sauti ya lafa, sai ya sake motsawa. Ni ina son wannan hali, yana sa mutane su yi ta gwada ɗakin. In ba ka so, ka ƙara tara ɗaya, 0.9999 da 0.0001. "Tazara" ita ce nisan da ke tsakanin sumul da gindi, kuma ba mu damu da sama ta yi ko ƙasa ba, domin wani lokaci jikin mutum yana tare siginar da ke dawowa daga bango ne, sai ƙarfin ya ƙaru maimakon ya ragu. "Motsi" kuwa yana auna yawan rawar lambar, wato ko ana kai da kawowa.

Yanzu buɗe Serial Plotter na Arduino IDE, wanda ke zana lambar tazara a matsayin layi, a 115200. Ɗaki babu kowa, layin zai kwanta kusa da ƙasa yana ɗan karkarwa, ƙasa da 1 ko 2. Ka sa wani ya ratsa a hankali. Yana shiga filin layin zai ɗaga, ya yi tudu, ya sauko bayan ya wuce. Ka rubuta tsayin tudun a takarda ga kowane allo, domin ba za su zo ɗaya ba, wani 5, wani ya haura 8. Ka gwada babba, ka gwada yaro, ka gwada mace mai goyo. In kai kaɗai ne a wurin, ari jarkar mai ruwa cike, ka ɗora ta a kan tebur daidai tsayin eriya, ta tsaya maka a matsayin mutum yayin da kake kallon kwamfuta. Layin da tudunsa bai fi karkarwar ɗaki sau uku ba, ka matsar da allon kaɗan ka sake gwadawa. Kada ka wuce wannan mataki da fatan Pure Data za ta gyara.

Sautin kansa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗaura lambar kai tsaye a kan kaifin sauti, ta hau ya hau, ta sauka ya sauka. Abin da ke fitowa jiniya ce, minti ɗaya ta ishi kowa. Ka tuna mai kalangu: matsa tsarkiya da sakinta ne ke sauya murya, amma ba kowace matsa yake bugawa ba, yana zaɓar inda maganar take. Haka za ka yi wa lambar. Ka bar ta ta buɗe ko ta rufe sautin da ka riga ka zaɓa da kunnenka.

Ka je bakin kogi da sassafe kafin babura su tashi. Waya mai kyau ta isa, amma ka saita ta ta naɗa a WAV, ka sa wa makirufon safa ko soso saboda iska, ka kusantar da shi da abin da kake ɗauka. Ka ɗauki ruwa yana bugun gefen kwalekwale, filafili yana shiga yana fita, gora tana karo da gora a kan ruwa, homa tana fitowa tana zuba, tsuntsayen fadama, kwaɗi in lokacinsu ne. Kowanne minti biyu ko uku ba tare da ka yi magana ba. Ka fara gaida Sarkin Ruwa ko wakilinsa ka faɗi abin da ya kawo ka. Masu kiɗa kuwa ka zauna da su ku yi ciniki, ka gaya musu inda za a sa kiɗan da tsawon lokacin, ka biya su, ka rubuta sunansu a bakin ƙofa in sun yarda. Ɗebo waƙar wani daga waya ka zuba ba izini ba daidai ba ne. A ganina kuma kiran salla da karatun Alƙur'ani ba kayan wannan aiki ba ne, domin ɗakin yanka sauti yake yi yana ɗagawa yana saukewa gwargwadon tsallen yara.

A Audacity ka yanke guntaye, ka lallashe farko da ƙarshe don kada a ji gaɓar maimaici. Kada tsawonsu ya zo ɗaya. In na gabas sakan 47 ne, na tsakiya ya zama 61, na yamma 73, sai a daɗe ƙwarai kafin su sake haɗuwa a wuri guda. Ka tanadi na huɗu, ruwa mai sanyin murya, wanda zai riƙa gudana ƙasa-ƙasa ko babu kowa, don kada mai leƙowa ya zaci abin ya lalace.

A Pure Data akwatuna ake jerawa a haɗa su da layi. Na farko netreceive -u 9001, shi ke karɓar saƙon alluna. Daga shi sai route gabas tsakiya yamma, kowace ƙofa ta shiga unpack f f, wanda zai raba tazara da motsi. Tazarar ka cire mata karkarwar ɗaki, misali 1.5, ka raba da tsayin tudun da ka rubuta, ka wuce da ita ta clip 0 1, sannan pack f 300 da line~, wanda zai sa sauyin ya ɗauki kusan sulusin sakan maimakon ya yi tsalle. Wannan ne zai shiga *~ tare da sautin da readsf~ ke karantowa, daga nan sai dac~. Ƙofar dama ta readsf~ tana ba da alama in fayil ya ƙare, ka mayar da ita ta sake buɗe shi. Motsi kuma ka tura shi ga lop~, daga kamar 400 zuwa 6000: mai tsayuwa zai ji sautin a dushe kamar daga nesa, mai motsi ya ji shi tar. Gabas ta fita lasifikar hagu, yamma ta dama, tsakiya duka biyun.

Kiɗa ka ɓoye shi sai an cancanta. Ka haɗa tazarar layukan uku, sai jimillar ta haura wani mataki kiɗan ya shigo, kuma kada ya fita sai ta sauko ƙasa da wani mataki da ya fi wancan ƙanƙanta, misali ya shiga a 12 ya fita a 8. In mataki ɗaya ka sa, zai riƙa kunnuwa yana mutuwa a bakin iyakar.

In alluna suna aiki amma Pure Data shiru, kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta tare saƙon. Ka ba manhajar izini a Firewall.

Lasifika da wuta

Kada ka yi amfani da lasifikar Bluetooth. Tana jinkirta sauti, kuma a 2.4 GHz ɗin nan take aiki, ita ma ta shiga cunkoson. Ka ja waya ta bin bango. In ka ji gurnani a lasifika duk lokacin da cajar kwamfuta ke jone, cire ta ka gani. In ya ɗauke, ka sauya caja ko ka sa ɗan abin raba layin sauti tsakanin kwamfuta da amfilifaya.

Allo ɗaya yana cin kamar 100 zuwa 150 mA, don haka fawa bank na gaskiya mai 10,000 mAh ya wuce wuni da kwana. Wasu fawa bank suna kashe kansu in abin da ke jone ba ya jan wuta sosai, ka gwada naka na awa biyu tukuna. In allon yana ta sake tashi yana rubuta Brownout detector was triggered, wuta ce ba ta isarsa, yawanci kebul ne siriri ko mai tsawo. Rauta da amfilifaya ka ɗora su a kan batir da sola, domin in wuta ta ɗauke ta dawo, sai alluna sun sake jonuwa, baƙi kuma suna tsaye. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, kwamfutar ce za ta fara galabaita, ka ɗaga ta daga kan tebur iska ta ratsa ƙarƙashinta. Da hunturu kuwa ƙura ce, ka rufe ta da ƙyalle mai shara-shara.

Wanda ba ya son barin kwamfuta a wurin zai iya jona wa kowane allo DFPlayer Mini, wato 'yar na'urar kunna sauti, da katin memori da 'yar lasifika. Ƙarfin muryar DFPlayer daga 0 zuwa 30 ne, sai tazara ta riƙa juya shi. Za ka rasa dushewa da buɗewar sauti, amma ka huta da tsaron kwamfuta.

Mutane

Akwai wata hanyar da za ka gani ana yabawa: a sa allon ya saurari saƙonnin da wayoyin baƙi ke fitarwa suna neman WiFi, a ƙirga su, a mayar da su sauti. Ban ba ka shawarar ta ba. Wayoyin zamani suna sauya lambar shaidarsu da gangan, iPhone tun 2014, Android ma daga baya, don haka ƙirgar ba ta da tabbas. Sannan tattara lambobin na'urorin mutane ba da saninsu ba yana iya shiga hurumin dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023. Ko sunayen hotspot kada ka nuna a bango, da yawa sunan mai wayar ne ko na 'yarsa. Tsarin da muka bi siginar rautarka kaɗai yake aunawa, bai san wanda ya shigo ba.

Wannan bayani sai ka faɗe shi da bakinka. A Kebbi da Zamfara na yau, na'urar da aka ɓoye cikin ƙwarya tana ƙyafta wuta abin tambaya ce, kuma masu tambayar suna da hujja. Tun kafin ka kafa komai ka je wurin mai unguwa ko hakimi da allo ɗaya a hannu, ka buɗe ka nuna. In dattijo ya ce, "Yaro, wanga abu mi yaka ɗauka?" amsar gajera ce: "Ranka ya daɗe, ba ya ɗaukar hoto, ba ya ɗaukar murya, ƙarfin sabis kawai yake aunawa." Ka rubuta hakan a bakin ƙofa da boko da ajami. Ka bar ƙwarya ɗaya da za a iya ɗagawa a leƙa. Mai tsoron lafiyarsa kuma ka gaya masa ƙarfin allon bai wuce kusan miliwat 100 ba, irin na rautar da ke ofisoshi da shaguna.

Ɗakin yana aiki ne da mutum biyu zuwa shida. In ashirin suka shiga, duk layukan sun toshe, sauti ya tsaya a sama, babu wanda zai gane nasa tasirin. Dole a samu mai tsaron ƙofa da zai riƙa shigar da mutane rukuni-rukuni, ya roƙi masu hotspot su kashe, kuma in wurin ya bukaci haka a ware lokacin mata da na 'yan makaranta. Kada ya yi dogon bayani. "Ku shiga ku zaga a hankali" ya isa, sauran su gano da kansu.

Ka rubuta masa tsarin kunnawa a kwali ka manna kusa da kwamfuta: rauta da farko, a jira minti biyu, sai kwamfuta da Pure Data, sai amfilifaya da murya a ƙasa. Alluna su ne na ƙarshe, kuma da an kunna su kowa ya fita na minti uku, domin a lokacin ne suke koyon yadda ɗakin yake babu kowa. Bayan haka ya ratsa layukan uku ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowanne ya amsa, ya duba alamun ƙasa ko mai shara ya matsar da wani abu. In layi ɗaya ya yi shiru, ya fara duba fawa bank, sai kebul, kafin ya kira ka.